Gyaran Zabon Daji, Fakara da Kurciya: Tambayoyi da Amsoshi

Da an kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe, hunturu ya kama, sai ka fara ganin maharba suna shigowa gari da zabin daji, fakara da hasbiya a rataye. A yankin fadamar Haɗeja da Nguru har da ɗinya da kirinjijiya. Nama ne mai daɗi, amma mafi yawan wanda ke ɓaci tun a daji yake ɓaci, kafin uwargida ta sa masa hannu.

Na harbo tsuntsu ya faɗo. Me zan fara yi?

Ka yi sauri ka isa wurinsa da wuƙa mai kaifi. In ka same shi da rai, yanka ya zama dole: ka yi bisimilla, ka yanka, ka riƙe shi kai ƙasa jini ya tsiyaye. Yara masu harbi da danƙo su ji da kyau: tsuntsun da dutse ya buge ya mutu kafin a yanka shi mushe ne, yana cikin bugaggun da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta hana. Wannan ne ya sa tsofaffin maharba ba sa shiga daji ba wuƙa a ƙugu.

Dole ne in cire kayan ciki tun a daji?

In gida da nisa, dole ne. Zafin jikin tsuntsu ya kai digiri 41, gashinsa kuma bargo ne da ke riƙe zafin. Ƙara da ranar ƙasarmu, sannan sau da yawa harsashi ya huda hanji, ƙazanta tana zuba cikin nama. Zabon da aka harbo da hantsi aka cusa a jaka har la'asar, da ka buɗe shi za ka ga fatar ƙasan cikinsa ta yi kore-kore, wari ya buge ka. Ba yajin da zai gyara wannan.

Saboda haka kada sa'a guda ta wuce. Ka fige gashin ƙasan ciki, ka tsaga kaɗan daga ƙarshen ƙashin ƙirji zuwa dubura, ka sa yatsu biyu ka jawo hanji gaba ɗaya. Kada ka wanke da ruwan kududdufi, goge cikin da tsumma mai tsabta ya fi. Ka rataye shi a inuwa iska ta ratsa shi. Abin da na fi roƙon mutane su bari shi ne ƙulle tsuntsu mai ɗumi a cikin leda. Kwando ko buhun algarara sun fi ta nesa ba kusa ba.

A fige shi a bushe ko a tsoma a ruwan zafi?

Kurciya, hasbiya da fakara fatarsu ba ta da kauri, a bushe ake fige su, musamman tun jikinsu bai huce ba. Ka riƙa tsinkar gashi kaɗan-kaɗan, ka bi a hankali wajen da harsashi ya shiga don nan fata ke yagewa. Zabo yana son ruwan zafi, amma ba tafasasshe ba, kamar digiri 60. Wanke jinin wuya tukuna, ka tsoma, ka juya, ka gwada jan gashin fiffike. In ya fito ba gardama, ya isa. Ɗinya da agwagin ruwa gashinsu mai maiƙo ne, ruwa ba ya shigarsa da sauƙi, sai an ƙara zafi ana tura gashin baya. Daga nan a babbake da wutar kara don ƙananan gashin su ƙone.

Me ake ci a kayan cikin, me ake zubarwa?

Hanta, zuciya da ƙundu abin ci ne. Madaciya tana manne da hanta, 'yar koriya. A yanke ta da ɗan gefen hantar, domin in ta fashe duk inda ta taɓa ya yi ɗaci. Ƙundu a tsaga shi, a zubar da tsakuwa, a ɓare rawayar fatar ciki. Huhu yana lafe a jikin haƙarƙari, sai an ƙwaƙule da yatsa. Akwai kuma ɗan kullutun mai a saman bindi, a yanke shi, shi ke kawo ƙarni, musamman a tsuntsayen ruwa.

Jakar abincin da ke gindin wuya kuwa, kada ka jefar ba ka buɗe ba. Ita za ta gaya maka abin da tsuntsun ya ci. In ka ga dawa ko shinkafa mai launin ja ko shuɗi, iri ne da aka cuɗa da magani. A binne tsuntsun.

Harsashin da ya maƙale a nama fa?

Mutane suna ɗaukarsa abin da ke fasa haƙori kawai. Ya wuce nan. Yawancinsa dalma ce, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadiyyar ƙurar haƙar zinariya. Ta cikin tsuntsu ba ta kai wannan yawa ba, amma dafuwa ba ta kashe dalma, kuma jikin yaro ba shi da wani adadin da za a ce ba komai. Ka bi kowane rami da tsinin wuƙa, ka fito da ƙwayar da gashin da ta tura ciki, ka yanke naman da ya yi baƙin jini a kewaye. A gama wannan kafin a sa lemun tsami ko tsamiya, don tsami yana narkar da dalma cikin romo. Mai ciki da ƙananan yara gara a ba su wanda aka kama da tarko aka yanka.

Wane tsuntsu ne bai kamata a taɓa ba?

Wanda aka tsinta a mace, da wanda ka kama da hannu don ya kasa tashi. An fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya a Fabrairun 2006 a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, a watan kuma ta ɓulla a Magarya ta Nijar. Mai figewa ya fi mai ci shiga haɗari, don haka a wanke hannu da sabulu, a binne gashi da hanji nesa da kajin gida. Haka jan-baki da aka yi wa feshi da jirgi a gonakin shinkafa, guba ce ta kashe su, kada yara su kwaso.

Me ya sa naman ke tauri, kuma yaya za a yi?

Tsuntsun daji yini yake yana gudu da tashi, ba shi da kitse. Danna ƙarshen ƙashin ƙirjinsa: in ya lanƙwasa, matashi ne, zai yi gashi ko suya. In ya ƙi, tsoho ne, sai farfesu. A zuba albasa, citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari da ɗan daddawa, a rage wuta, a ba zabo sa'a ɗaya da rabi ko biyu. A tabbata ya nuna har ƙashi, ba sauran ja a gaɓar cinya. In tsuntsayen sun yi yawa kuma ba firji, a tsaga su ta baya, a shafa gishiri, a yi banda a kan garwashi har su bushe ƙayau, sannan a riƙa ɗumama su kowace safiya.