Koyon Sana'ar Wasan Kwaikwayo a Ƙasar Hausa

Wasan kwaikwayo sana'a ce ta aron hali da murya da motsin wani mutum don a nuna wa masu kallo ko masu saurare, a dandamali ko rediyo ko talabijin ko fim. Mai yin ta shi ne ɗan wasa ko ɗan dirama. A masana'antar finafinan Hausa, wato Kannywood, ana ce masa jarumi ko jaruma, ko da kuwa a matsayin matsoraci ya fito. Hanya biyu ake bi a koyi sana'ar a ƙasar Hausa: ta ƙungiya da bin ubangida, da ta makaranta. Mafi yawan fuskokin da jama'a suka sani ta hanyar farko suka biyo.

Tushe

Kwaikwayo ya riga kyamara zuwa. Daga goma ga watan azumi yara kan fita tashe, wani ya manna gemun auduga ya dogara sanda ya zama tsoho, wani ya cusa tsumma a riga ya zama mai ƙaton ciki. 'Yan kama suna kwaikwayon malamai, su juya karatu ya koma zancen tuwo da miya. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa, a kalankuwa kuma samarin ƙauye ke naɗa wa junansu sarautu bayan girbi. Duk babu rubutu a cikinsu. Ɗan wasa yana kallon mutum ne har ya kama tafiyarsa da yadda yake gyaran murya, sannan ya ƙirƙiro magana nan take.

Wannan ɗabi'a ce ta bi 'yan wasa zuwa gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Kano. Mai shiri kan zaunar da su ya ba su ƙashin labarin: wane zai shigo, me zai tarar, ina rigimar za ta tsaya. Sauran magana tasu ce. A haka Kasimu Yero ya yi suna, haka ma Usman Baba Pategi, tsohon soja wanda ya kwaso Hausar bariki ya gina halin Samanja da ita. A Nijar ma ƙungiyar Yazi Dogo da takwarorinta a kan wannan tsari suka tafi, ana ta maimaita wasa a gwaji har magana ta zauna a baki ba tare da an rubuta ta ba.

Ƙungiya da ubangida

Kafin fim ya zama kasuwa, ƙungiyoyin dirama na unguwanni su ne makaranta. A Kano akwai Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa, kuma Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake ƙirga shi a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka sayar a kaset ɗin bidiyo. Mamba kan biya kuɗin taro, ya halarci rihazal, wato gwajin wasa, da yamma bayan an tashi daga aiki ko kasuwa, ya yi shekara yana fitowa a ɗan aike kafin a ba shi rol mai nauyi. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ma'aikacin gidan yari ne da ya faro daga irin wannan dirama kafin ya zama uban finafinan barkwanci da ake kira camama.

Da kamfanoni suka yawaita, musamman a titin Zoo Road na Kano, sai tsarin ya koma irin na kowace sana'ar hannu: yaro da ubangidansa. Mai sha'awa yakan manne wa wani darakta ko furodusa ko babban jarumi, ya riƙa bin sa lokeshan, wato wurin ɗaukar fim. Yau ya riƙe faifan haske, gobe ya ɗauko jakar kaya, jibi a tsayar da shi cikin taron 'yan biki. Wata rana wanda aka ba rol ɗin mai gadi bai zo ba, sai a ce da shi ya saka hula ya buɗe ƙofa ya ce “Alhaji ba ya nan.” Da yawa daga nan suka fara.

Abin da ake koya a lokeshan ba kaɗan ba ne. Ba a ɗaukar fim bi da bi: ana iya ɗaukar sin ɗin (wato fitowar) mutuwar uwa da safe, a ɗauki na bikin da ta halarta da la'asar, don gida ɗaya aka ara. Dole ɗan wasa ya riƙe inda zuciyar halin take a kowane sin, ya tuna da wane hannu ya ɗauki kofi, ya maimaita kuka sau biyar idan janareta ya katse ɗauka. Akwai kuma mamin, wato daidaita leɓe da waƙar da wani ya rera a situdiyo, tare da rawa, abin da ya daɗe yana ɗaga jarumi ko ya kayar da shi. Raunin wannan hanya shi ne yaro kan kwashe har da kurakuran ubangida, kuma wanda ya yi dace da rol ɗin boka ko ɗan daba sau ɗaya yana iya tsufa a cikinsa.

Mata sun fi shan wahalar shiga. Kamfanoni da yawa kan nemi yardar iyaye ko waliyyi, ga kallon da jama'a ke yi wa 'yar fim, ga al'adar barin sana'ar da zarar an yi aure. Namiji da mace duka, mai aiki a Kano sai ya yi rajista da Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001.

Makaranta

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara koyar da dirama a tsakiyar shekarun 1970, kuma tana da ɗakin wasa da aka gina da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa. Ta yi fice wajen kai wasa ƙauyuka don tattauna matsalolin manoma da su kansu. Jami'ar Jos da ta Bayero suna da sassan wannan fanni, a Jos ɗin kuma akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA. Digiri kan ɗauki shekara 4. Ɗalibi yana koyon numfashi daga ciki don muryarsa ta kai layin ƙarshe ba tare da ihu ba, da sarrafa jiki, da feɗe rubutun wasa, da haske da sutura. Ana kuma karanta tsarin Konstantin Stanislavski na Rasha (1863–1938), wanda ya ɗora wasa a kan tambaya guda: me wannan mutum yake so a wannan lokaci, me kuma ya hana shi samu? Sai dai da Turanci ake yawancin karatun, kuma dandamali aka fi ba ƙarfi, alhali kyamara ba ta son faɗin motsi; ɗaga gira ya ishe ta.

Zamanin masu dogon zango

Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, da finafinai masu dogon zango na YouTube, sun matso da hanyoyin biyu kusa. Yanzu ana rubuta kowace magana, ana kiran tantancewa, ana son mai iya haddace shafuka ya riƙe hali ɗaya shekara da shekaru. Kuɗin wasa kuwa ba su da ƙayyadadden farashi, ciniki ne tsakanin jarumi da furodusa, shi ya sa da yawa ke haɗawa da talla ko kasuwanci ko shirya nasu fim. Ali Nuhu, wanda ya karanci labarin ƙasa a Jami'ar Jos, ta wasa da bada umarni ya bi har aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya a 2024.