Hoton Fuskar Kwamfuta

Hoton fuskar kwamfuta, wanda jama'a suka fi kira sikirinshot, shi ne hoton duk abin da ke bayyane a fuskar kwamfuta a daidai lokacin da aka ɗauke shi. Ba da kyamara ake ɗaukarsa ba. Kwamfutar ce da kanta take kwafo ɗigogin launin da take nunawa ta adana su, shi ya sa yake fitowa tas, babu ƙyalli babu karkata, saɓanin wanda ake ɗauka idan aka saita waya a gaban kwamfuta. Girmansa yana bin girman fuskar, ta yadda fuska mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye take ba da hoto mai ɗigo 2,073,600. Ana amfani da shi wajen koyar da aiki da manhaja, da nuna wa mai gyara saƙon matsalar da kwamfuta ta fitar, da kuma ajiye shaidar biyan kuɗi ko cike fom a intanet.

Asali

Maɓallin Print Screen da ke allon rubutu (kibod) ya zo ne tare da kwamfutar IBM PC ta shekarar 1981, kuma a lokacin aikinsa shi ne tura rubutun da ke fuskar kwamfuta kai tsaye zuwa firinta, ya fito a takarda. Da tsarin Windows ya kankama, sai aka sauya masa aiki: ya koma kwafe hoton fuskar zuwa ma'ajiyar wucin gadi, inda zai zauna har a liƙa shi a wata manhaja kamar Paint ko Word. Wannan ne ya sa, a tsofaffin Windows, sabon mai koyo yakan danna maɓallin ya ga kamar bai yi komai ba, alhali hoton yana nan yana jiran a danna Ctrl da V. Kwamfutar Macintosh ta kamfanin Apple, wadda ta fito a 1984, ita kuwa tun farko fayil take ajiye hoton a ciki.

Hanyoyin ɗauka

A Windows, idan aka haɗa Alt da Print Screen, tagar da ake aiki a cikinta kaɗai ake ɗauka. Tun daga Windows 8 na 2012, haɗa maɓallin Windows da Print Screen yana sa fuskar ta ɗan dushe na ƙiftawar ido, sannan hoton ya tafi foldar Screenshots da ke cikin Pictures. Hanyar da ta fi sauƙaƙa aiki ita ce danna Windows da Shift da S tare: fuskar za ta yi duhu-duhu, a ja linzamin kwamfuta a kewaye wurin da ake so, sauran kuma a bar shi. Manhajar da ke wannan aiki, wato Snipping Tool, ta shiga hannun yawancin mutane ne tare da Windows Vista a 2007, kuma tana iya jinkirta ɗauka na 'yan daƙiƙu, abin da ke da amfani idan ana son kama jerin zaɓi irin wanda ke ɓacewa da zarar an taɓa wani maɓalli. A kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa, maɓallin Print Screen yana haɗe da wani, don haka sai an danne Fn kafin ya yi aiki.

A Mac, Command da Shift da 3 na ɗaukar fuskar baki ɗaya, da 4 kuma na ɗaukar wani yanki, hoton ya sauka a kan babban shafin fuskar kwamfutar, wato desktop. An ƙara haɗin Command da Shift da 5 a macOS Mojave na 2018, wanda ke buɗe zaɓin ɗaukar hoto ko bidiyo. Masu amfani da tsarin Linux suna da manhajojin Spectacle da Flameshot. Burauzar Firefox da ta Edge kuma suna iya ɗaukar shafin intanet tun daga samansa har ƙasa, har da ɓangaren da bai bayyana a fuska ba.

Gyara da adanawa

Yawancin gyaran bai wuce yanke gefen da ba a buƙata ba, da sa kibiya ko da'ira a wurin da ake son ido ya faɗa, da ɗan rubutun bayani. Kibiya ɗaya ja ta fi biyar amfani. Wajen adanawa, nau'in fayil na PNG, wanda aka tabbatar da shi a 1996, ya fi dacewa domin yana matse hoto ba tare da ya zubar da ko ɗigo ɗaya ba. Shi kuwa JPEG an tsara shi ne don hotunan kyamara, kuma idan aka adana rubutu da shi, akan ga wani dishi-dishi a gefen haruffa, wanda ke ƙaruwa duk lokacin da aka sake adanawa. Manhajojin hira irin su WhatsApp suna matse hoto kafin su tura shi, saboda haka hoton da ke ɗauke da ƙananan rubutu gara a tura shi a matsayin fayil.

Ɓoye bayanan sirri

Nan ne aka fi samun tangarɗa. Hoton fuska yakan kwaso abin da mai shi bai lura da shi ba: sunayen shafukan da ke buɗe a saman burauza, adireshin imel a can kusurwa, lambar asusun banki, ko saƙon da ya faɗo a daidai lokacin ɗauka. Mutane da yawa suna dusar da irin wannan rubutu ko su farfasa shi zuwa ƙananan murabba'ai, suna zaton sun ɓoye shi. A 2020 an fitar da manhajar Depix, a 2022 kuma Dan Petro na kamfanin tsaro Bishop Fox ya fitar da Unredacter, kuma dukansu sun nuna cewa ana iya maido da rubutun da aka farfasa, ta hanyar gwada haruffa ɗaya bayan ɗaya har a sami waɗanda farfasarsu ta yi daidai da ta hoton. Alƙalamin haskaka rubutu ma ba abin dogaro ba ne ko da launinsa baƙi ne, domin ƙara wa hoton haske kan tona abin da ke ƙasa. Abin da masana ke ba da shawara shi ne a rufe wurin da baƙin akwati mai kauri wanda ba ya nuna komai.

Ko yankewa ma ta taɓa ba da kunya. A watan Maris na 2023, Simon Aarons da David Buchanan sun bayyana wata ɓaraka da aka laƙaba wa suna aCropalypse a wayoyin Pixel na Google, kuma cikin 'yan kwanaki aka gano irinta a Snipping Tool na Windows 11. Idan aka yanke hoto aka adana shi a kan fayil ɗinsa na asali, manhajar takan rubuta sabon hoton a farkon fayil ɗin, ta bar ragowar tsohon a ƙarshensa ba ta goge ba, ta yadda mai ilimin abin zai iya farfaɗo da wani ɓangare na abin da aka yanke. Microsoft ya toshe ɓarakar a cikin watan, amma gyaran bai shafi hotunan da aka riga aka tura wa mutane ba.

Iyakoki

Ba komai ke ɗaukuwa ba. Fina-finan da ke da kariyar haƙƙin mallaka, kamar na Netflix, galibi baƙi wuluk suke fitowa a hoton. Haka kuma hoton fuska shi kaɗai ba hujja ce mai ƙarfi ba, domin kowace burauza tana da kayan aikin masu gina shafi, waɗanda da su ake iya sauya suna ko adadin kuɗi a shafin da ke fuskar mutum kafin a ɗauki hoton, ba tare da wata alamar gyara ta fito ba. 'Yan kasuwa a Najeriya sun san wannan matsala a hotunan rasit ɗin tura kuɗi na bogi, shi ya sa da yawansu ba sa sakin kaya sai sun ga kuɗin sun shiga asusunsu.