Waiwaye: Nene Pimentel, Magajin Garin da Ya Rage wa Manila Iko

Duk shekara gwamnatin tsakiya ta ƙasar Filifin tana ware kashi 40 cikin ɗari na harajin da ta tara, ta tura wa larduna da birane da ƙananan garuruwa da unguwanni. Doka ta ce kuɗin su tafi kai tsaye, ba sai gwamna ko magajin gari ya je Manila ya yi fadanci ba. Tsarin ya fito ne daga dokar ƙananan hukumomi ta 1991, kuma duk ɗan ƙasar da aka tambaya wa ya tsaya a kanta, sunan da zai fara ambata shi ne Aquilino Pimentel Jr., wanda aka fi sani da Nene. Kafin ya zama sanata ya riƙe kujerar magajin garin Cagayan de Oro, kuma a can ya ɗanɗani abin da daga baya ya rubuta doka don ya hana.

An haife shi ranar 11 ga Disamba 1933 a Claveria, cikin lardin Misamis Oriental da ke arewacin tsibirin Mindanao. Lauya ne, ya kuma koyar da aikin lauya a Jami'ar Xavier ta Cagayan de Oro. Mindanao na da nisa da Manila, kuma mutanenta, Musulmi da Kirista, sun daɗe suna ƙorafin cewa ana kwashe arzikin ƙasarsu a kai babban birni, su kuma a bar su da jira. Da wannan ƙorafi a kunnensa ya tashi.

A 1970 aka zaɓe shi wakili a taron rubuta sabon kundin tsarin mulki na 1971. Ana cikin taron, a Satumban 1972, Shugaba Ferdinand Marcos ya ayyana dokar soja, aikin taron ya koma ɗinka wa Marcos rigar da yake so. Pimentel yana cikin 'yan tsirarun da suka ƙi amincewa, kuma a 1973 aka tsare shi a barikin Crame na kusan wata uku. A 1978 ya tsaya takarar majalisa a Manila ƙarƙashin jam'iyyar Laban, tare da jagoran 'yan adawa Benigno Aquino Jr. wanda ke yaƙin neman zaɓe daga kurkuku. Babu ɗan Laban ko ɗaya da aka ce ya ci. Da suka fito zanga-zangar ƙin sakamakon, aka sake kama shi, ya yi wajen wata biyu a barikin Bicutan.

Sai ya koma gida. A zaɓen ƙananan hukumomi na 1980 ya tsaya ƙarƙashin ƙawancen Mindanao Alliance, ya kayar da ɗan takarar KBL, jam'iyyar Marcos. A wancan lokaci ɗan adawa ya ci birni sukutum ba ƙaramin abu ba ne. Shekara guda da hawansa, hukumar zaɓe ta tuɓe shi, wai ya sauya sheƙa daga jam'iyya zuwa jam'iyya ba bisa ƙa'ida ba. Dubban mutanen Cagayan de Oro suka cika tituna suna cewa su fa sun riga sun zaɓa, har sai da fadar shugaban ƙasa ta Malacañang ta ja da baya aka mayar da shi kujerarsa kafin kotu ta yanke hukunci. A 1983 kuma aka kama shi da laifin tawaye, bisa zargin ya ba wani kwamandan 'yan tawayen gurguzu peso 100. Aka kai shi Cebu aka tsare, magoya bayansa suna jefa 'yan tsabobi cikin akwatuna don haɗa kuɗin beli, daga baya aka mayar da shi ɗaurin talala. Duk da haka a 1984 mutanen birnin suka tura shi majalisar dokoki ta Batasang Pambansa. A cikin waɗannan shekaru ne ya kafa jam'iyyar PDP a 1982, wadda ta haɗe da Laban ta zama PDP-Laban.

Abin da ya koya a waɗannan shekaru huɗu na magajin gari a fili yake: birni na iya zaɓen wanda yake so, amma takarda ɗaya daga Manila ta isa ta shafe ƙuri'ar, kuma ko kuɗin gyaran kwalbati sai an roƙo.

Wannan ne ya sa abin da ya yi a 1986 yake da wuyar haɗiyewa. Bayan jama'a sun kori Marcos a Fabrairun shekarar, Shugaba Corazon Aquino ta naɗa shi ministan ƙananan hukumomi, aka ɗora masa aikin sauke gwamnoni da magadan garin zamanin Marcos, a maye gurbinsu da kantomomin riƙo. Hujjarsa ita ce wa'adin waɗanda aka zaɓa a 1980 ya ƙare, kuma yawancinsu da maguɗi da bindiga suka hau, in aka bar su za su shaƙe sabuwar gwamnati tun tana jaririya. Hujjar tana da nauyi. Amma mutumin da aka taɓa tuɓewa da alƙalami daga Manila, ga shi yanzu alƙalamin na hannunsa, kuma 'yan jam'iyyarsa sun samu rabo mai tsoka a naɗe-naɗen. Suka ta yi masa yawa, kafin shekarar ta ƙare aka sauke shi daga ma'aikatar. A cikin waɗanda suka samu kujera a wannan rabon akwai Jejomar Binay a Makati, da Rodrigo Duterte a matsayin mataimakin magajin garin Davao, da Andal Ampatuan Sr. a Maganoy ta Maguindanao. A riƙe waɗannan sunaye uku, za su dawo.

Aquino ba ta yar da shi ba. Ta tura shi sulhu da ƙungiyar 'yan tawayen MNLF ta Musulmin Moro na Mindanao, kuma a Janairun 1987 shi da shugabanta Nur Misuari suka sa hannu a yarjejeniyar Jidda, inda aka amince a ci gaba da tattauna ba yankin cin gashin kai. A shekarar ya ci kujerar sanata, ya jagoranci dokar da ta kafa yankin Musulmin Mindanao mai cin gashin kansa a 1989. MNLF ta ƙaurace wa ƙuri'ar raba-gardamar, larduna huɗu kacal suka shiga: Lanao del Sur, Maguindanao, Sulu da Tawi-Tawi. Rabin nasara ce, kuma sai a 2019 aka maye gurbin yankin da Bangsamoro mai faffaɗan iko.

Babban aikinsa ya zo a 1991. Ranar 10 ga Oktoba Aquino ta sa hannu a doka mai lamba 7160, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1992. Dokar ba ta tsaya ga kyawawan kalmomi ba, ta shiga lissafi dalla-dalla. Kason ƙananan hukumomi ya fara da kashi 30, ya hau 35, ya tsaya a 40 daga shekara ta uku. A cikin wannan kaso larduna na ɗaukar kashi 23, birane 23, ƙananan garuruwa 34, sai barangay, wato unguwanni da ƙauyuka waɗanda yawansu ya kai kusan 42,000, su ɗauki 20. Tsakanin lardi da lardi ko birni da birni kuma, rabin kuɗin ana raba shi gwargwadon yawan jama'a, kashi ɗaya cikin huɗu gwargwadon faɗin ƙasa, sauran a raba daidai wa daida. Dole kowace hukuma ta ware aƙalla kashi 20 na abin da ta samu ga ayyukan raya ƙasa. Sannan aka sauko da ayyukan lafiya da malaman gona da jin daɗin jama'a da wani ɓangare na kula da muhalli daga ma'aikatun Manila zuwa hannun gwamnoni da magadan gari, tare da dubban ma'aikatansu. An ba ƙungiyoyin sa-kai kujeru a majalisun tsara ci gaba, an kuma ba masu zaɓe damar yi wa shugabansu kiranye.

Wanda ya taɓa zama a ofishin magajin gari ne kaɗai zai damu da kalmar "kai tsaye" kamar yadda ya damu. Da gwamnatin Fidel Ramos ta ba da umarnin riƙe kashi 10 na kason a ƙarshen 1997 saboda rikicin kuɗi na Asiya, Pimentel da kansa ya garzaya Kotun Ƙoli, kuma a 2000 kotun ta ce riƙewar ta saɓa wa doka. A ganina wannan shari'a ta fi jawabansa duka bayyana ko shi wane ne.

A Satumban 1991 ɗin kuma yana cikin sanatoci 12 da suka kayar da yarjejeniyar tsawaita zaman sansanonin sojan Amurka, da ƙuri'a 12 da 11, abin da ya sa aka kwashe sojojin daga sansaninsu na ruwa a Subic a 1992. Wannan tsayuwa ba ta kawo masa ƙuri'a ba: ya tsaya mataimakin shugaban ƙasa tare da Jovito Salonga a 1992, suka sha kaye. A 1995 ya nemi komawa Majalisar Dattawa, aka ce ya faɗi. Shi kuma ya ce aringizo aka yi masa a wajen tattara sakamako, irin wanda 'yan ƙasar ke kira dagdag-bawas, a rage wa wannan a ƙara wa wancan a kan takarda. Ya ƙalubalanci kujerar Juan Ponce Enrile, tsohon ministan tsaron Marcos, ya kuma bi jami'an zaɓe ɗaya bayan ɗaya, har Kotun Ƙoli ta ci tarar wasu lauyoyi biyu da suka jagoranci tattara sakamako a Pasig. Kujerar ba ta dawo ta wannan hanya ba, sai da ya sake tsayawa a 1998 ya ci.

Daren da aka fi tuna shi da shi shi ne na 16 ga Janairun 2001. Yana shugaban Majalisar Dattawa, ana shari'ar tsige Shugaba Joseph Estrada, wanda ɓangarensa ne ma ya taimaka masa ya hau kujerar watanni biyu kafin nan. Gardama ta tsaya a kan wani ambulan mai ɗauke da bayanan asusun banki mai suna Jose Velarde, wanda ake zargin na Estrada ne. Sanatoci 11 suka ce kada a buɗe, 10 suka ce a buɗe. Pimentel ya jefa tasa tare da goman, ya kuma sanar a take cewa ya ajiye shugabancin majalisar. Masu gabatar da ƙara suka fice, jama'a suka kwarara titin EDSA na Manila, bayan kwana huɗu mataimakiyar shugaban ƙasa Gloria Macapagal Arroyo tana rantsuwar kama mulki, shi kuwa yana tsaye gefenta riƙe mata da makirufo. Ba a daɗe ba ya zama ɗaya daga cikin masu sukarta da ƙarfi, ya jagoranci marasa rinjaye a majalisar daga 2004 har ya sauka a 2010.

To, me dokar 1991 ta haifar? Inda aka dace da shugaba, ta yi abin mamaki. A birnin Naga, magajin gari Jesse Robredo ya shigo da ƙungiyoyin jama'a cikin tsara kasafin birni, har ya samu lambar yabo ta Ramon Magsaysay a 2000. Amma kuɗin da ke saukowa ba tare da tambaya ba suna sauka ne a hannun duk wanda ke kan kujera. Asibitocin larduna matalauta sun sha wuya bayan an sauko da su, domin nauyin da aka ɗora wa lardunan ya fi kuɗin da suka biyo shi. Garuruwa da yawa sun daina wahalar tara harajin kansu, sun zauna jiran kaso. Kundin tsarin mulki na 1987 ya taƙaita wa shugabannin ƙananan hukumomi wa'adi uku a jere, kowane na shekara uku, sai iyalai suka gano mafita: in miji ya gama, mata ta hau, in ta gama, ɗa ya karɓa. Iyalin Binay sun daɗe suna juya Makati, iyalin Duterte suna juya Davao. A Maguindanao kuwa abin ya kai ga jini. Ranar 23 ga Nuwamban 2009 aka tare ayarin masu zuwa shigar da takardun takarar wani mai neman gwamna da ke ƙalubalantar gidan Ampatuan, aka kashe mutum 58, 32 daga cikinsu 'yan jarida, kuma a 2019 kotu ta samu manyan 'ya'yan gidan Ampatuan da laifin.

Ba adalci ba ne a ɗora wa Pimentel wannan duka. Kundin 1987 ya haramta siyasar gado, amma ya bar wa majalisa ta fayyace ma'anarta, majalisar kuma cike take da 'ya'yan gidajen da dokar za ta shafa, shi ya sa aka kwashe shekaru fiye da talatin ana jan ƙafa. Ya gina rabin ginin ne, ɗaya rabin aka ƙi ginawa. Sai dai shi ma bai tsira daga tambayar ba, tunda ɗansa Koko ya nemi sanata a 2007 alhali uban na cikin majalisar. Ƙuri'un Maguindanao ne aka yi ta rigima a kansu a wannan zaɓe, kuma Koko bai samu kujerarsa ba sai a Agustan 2011, bayan Juan Miguel Zubiri, wanda aka ce ya ci kujerar, ya yi murabus.

Pimentel ya ɗauki dokar 1991 a matsayin matakin farko kawai. Abin da yake so shi ne tsarin tarayya, kuma a 2008 ya gabatar da ƙudurin raba ƙasar jihohi 11, har da jihar Bangsamoro. Ƙudurin bai je ko'ina ba. Da Duterte ya ci shugabancin ƙasa a 2016 ƙarƙashin PDP-Laban, da alkawarin tarayya a bakinsa, dattijon ya ga kamar lokacinsa ya zo. Ya shiga kwamitin da tsohon Alƙalin Alƙalai Reynato Puno ya jagoranta, suka miƙa daftarin kundi a Yulin 2018, daftarin ya mutu a majalisa. Pimentel ya rasu ranar 20 ga Oktoban 2019 yana da shekara 85. Bayansa jam'iyyar ta dare gida biyu a 2021, ɓangaren ɗansa da na Duterte, kuma a zaɓen 2022 ɓangaren Duterte ya mara wa Ferdinand Marcos Jr. baya.

Dokar ita ce ta fi jam'iyyar ƙarko. A 2018, a ƙarar da Hermilando Mandanas na Batangas ya shigar, Kotun Ƙoli ta ce dole a lissafa kashi 40 ɗin daga dukkan harajin ƙasa, har da na kwastan da aka daɗe ana cirewa gefe. Hukuncin ya fara aiki a kasafin 2022, kason ƙananan hukumomi ya ƙaru sosai, gwamnatin tsakiya kuma ta ce tunda kuɗi sun ƙaru, sai su karɓi sauran ayyukan da dokar 1991 ta ce nasu ne. Gwamnoni da magadan garin yankuna matalauta suka amsa cewa ƙarin bai kai nauyin ba, kuma a kan wannan ake ja har yanzu.