Iskar gas ta tsakanin taurari a kewayen Rana

Iskar gas ta tsakanin taurari siririyar iska ce da ke cike sararin da ya raba wannan tauraro da wancan. Rana da duniyoyinta suna ratsa wani yanki nata da masana ke kira Gajimaren Kusa, mai faɗin kimanin shekarun haske 30, wato tazarar da haske ke ci a shekara 30. Galibinta haidurojin ne, sai hiliyam, sai ɗan abin da ba a rasa ba na oksijin da niyon da ƙura. Zafinta ya kai wajen digiri 7,000 a ma'aunin Kelvin, amma tsabar rashin kaurinta ya sa cikin cokalin shayi guda ba zai ɗauki fiye da ƙwayar zarra ɗaya ko biyu ba. Shi kansa gajimaren yana cikin wani babban fili mai zafi, wanda ya fi shi zama fayau, da ake kyautata zaton fashewar taurari ce ta share shi miliyoyin shekaru da suka wuce.

Tarihin ganowa

A shekarar 1904, Johannes Hartmann na cibiyar nazarin taurari ta Potsdam a Jamus yana nazarin hasken tauraron Mintaka, wanda a zahiri taurari ne da ke zagaye juna. Saboda wannan zagaye, layukan da sinadarai ke bari cikin haskensu idan aka rarraba shi launi-launi sukan gusa gaba su dawo baya. Sai ya lura da wani layi na kalsiyam da ya tsaya cak. Ya yanke cewa wannan kalsiyam ba na tauraron ba ne, yana kan hanya ne tsakaninsa da mu. Wajajen 1919, Mary Lea Heger ta ga irin haka da sodiyam a cibiyar Lick ta Amurka.

Wannan dabara ba ta faɗin inda gas ɗin yake daidai, jimillar abin da hasken ya ratsa kawai take bayarwa. An kusanto gida ne a tsakanin 1969 da 1971, lokacin da tauraron ɗan'adam na OGO-5 ya zana taswirar wani haske da ido ba ya gani, wanda haidurojin ke mayarwa idan hasken Rana ya doke shi. Taswirar ta nuna cewa gas ɗin yana kwararowa har cikin tsarin Rana. Dalilin shi ne iskar Rana, wato ƙwayoyin da Rana ke fesowa, da maganaɗisunta suna tare ƙwayoyin da ke ɗauke da caji a bakin wata kumfa mai suna heliyosfiya, amma marasa caji wucewa suke yi abinsu.

Kumbon Ulysses, wanda aka harba a 1990, shi ya fara ƙirga ƙwayoyin hiliyam ɗin kai tsaye. Hiliyam ya fi zama amintaccen shaida, domin ba kasafai yake musayar caji a bakin iyaka ba, yana isowa kusan yadda ya taso. Ulysses ya samu gudun kusan kilomita 26 a daƙiƙa, daga ɓangaren gungun taurarin Ophiuchus. Nauyin Rana kan tanƙwara wannan kwarara ya tattara ta a bayanta, kuma Duniya na ratsa wurin a farkon kowane Disamba.

Sinadaran da ke ciki

Kumbon IBEX na hukumar NASA ya tashi a Oktoban 2008. A 2012 masu kula da shi suka sanar cewa ga kowace ƙwayar niyon 20 akwai ta oksijin 74 a gas ɗin waje, alhali a tsarin Rana 111 ne. Ko dai Rana ta samu asali a wani yanki da ya fi wadatar oksijin, ko kuma oksijin ɗin ya maƙale a jikin ƙura da ƙanƙara inda na'urar ba ta ganinsa.

A 2020, bayanan kumbon New Horizons sun ɗaga ƙiyasin yawan haidurojin a gefen heliyosfiya da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Awo daga waje

Voyager 1 ya ƙetare iyakar heliyosfiya ranar 25 ga Agusta 2012, a nisan da ya ninka tazarar Duniya da Rana sau 121 da ɗoriya. Na'urarsa ta auna filazma, wato gas mai ɗauke da caji, ta lalace tun 1980, don haka sai da aka jira wata guguwa daga Rana ta girgiza gas ɗin da ke kewaye da shi a 2013, aka lissafa kaurinsa daga amon girgizar: kusan ilektoron 0.08 a kowace santimita kubik. Voyager 2 ya bi sahu ranar 5 ga Nuwamba 2018 da na'urarsa lafiya lau, ya tarar da zafi tsakanin digiri 30,000 da 50,000. Wannan ya zarce na Gajimaren Kusa ƙwarai, abin da ke nuna cewa gas ɗin bakin iyaka matsattse ne, tasirin Rana bai sake shi ba tukuna.

Inda ake saɓani

A 2012 IBEX ya bayar da gudun kwararar hiliyam ɗin a kilomita 23.2 a daƙiƙa. Nazarin da ya biyo baya ya mayar da shi kusa da na Ulysses. An yi da'awar cewa alƙiblar kwararar ta sauya cikin shekaru 40, wasu suka musanta. Wasu masana na lissafa gajimarai 15 a kewayenmu, wasu na cewa guda ɗaya ne da ya lanƙwashe. Kumbon IMAP da aka harba a Satumbar 2025 yana ɗauke da na'urorin sake auna waɗannan ƙwayoyi.