Waiwaye: Yadda Lambar Mota Ta Samo Siffarta a Nijeriya

Duk wanda ya saba shiga cunkoson safiya tsakanin Mararraba da Nyanya ya san cewa direba yakan shafe lokaci mai tsawo ba abin da idonsa ke kallo sai bayan motar da ke gabansa, kuma a nan ne mutum yake lura da haruffan da ke jikin lambobi: ABJ, ABC, RSH, KUJ, GWA. Da yawa daga cikin mazauna birnin suna ɗauka cewa ABJ taƙaita sunan Abuja ne, alhali kuwa Abaji ake nufi, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya. Ta cikin gari ita ce ABC, RSH ta Karshi ce (gari ne a ƙarƙashin ƙaramar hukumar cikin garin), KUJ ta Kuje, GWA ta Gwagwalada, BWR ta Bwari, KWL kuma ta Kwali.

Kafin 1992, baƙin faranti ne da fararen haruffa, kuma haruffa biyun farko su ne ke nuna jiha: KN ta Kano, KD ta Kaduna, PL ta Filato, LA ta Legas. Ofishin lasin yakan ba mutum lambarsa ne kawai, shi kuma ya nemi mai rubutun allo ya buga masa ita, don haka babu wuya wani ya buga lambar da ba a taɓa ba shi ba. Ga kuma jihohi suna ta ƙaruwa, daga 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, zuwa 21 a 1987, sannan 30 a 1991, kowace da nata littafin rajista da ba ya magana da na maƙwabciyarta. Motar da aka sace a Jos ana iya yi mata sabuwar rajista a wata jiha ba tare da kowa ya farga ba.

Wannan giɓi na daga cikin abin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta tarar bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa ta a 1988, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. A 1992 aka fito da lamba ta bai ɗaya ga ƙasa baki ɗaya: farin faranti mai ƙyalli da daddare, girmansa irin na Amurka, da sunan jiha da kirarinta a sama. Tsarinta haruffa biyu ne, sai alƙaluma uku, sai haruffa uku na ƙaramar hukuma a ƙarshe. Waɗannan haruffa uku galibi daga sunan hedikwatar ƙaramar hukuma aka ciro su, shi ya sa motar Jos ta Kudu take ɗauke da BUU, wato Bukuru, ta Kaduna ta Arewa kuma DKA, wato Doka. Launin rubutun ma magana ne: shuɗi na motar gida, ja na motar haya, kore na gwamnati, baƙi na sojoji da sauran masu kayan sarki. Motocin ofisoshin jakadanci, waɗanda suka cika Maitama da Asokoro, nasu tsarin daban ne, domin alƙaluman farko suna nuna ƙasar, sai haruffan CD, alamar jami'an diflomasiyya, su biyo baya.

Kirarin da ke saman lambar da Turanci aka rubuta shi, amma ma'anarsa ba ɓoyayyiya ba ce. Abuja Cibiyar Haɗin Kai, Kano Cibiyar Kasuwanci, Sakkwato Mazaunin Daular Usmaniyya, Filato kuma Gidan Zaman Lafiya da Yawon Buɗe Ido, kirarin da mutanen Jos suke karantawa da wani irin nauyi a zuciya tun bayan rikicin 2001.

Sauyi na biyu ya zo a 2011, lokacin da Osita Chidoka yake jagorantar hukumar, kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da sabuwar lamba. Aka juya tsarin, haruffan ƙaramar hukuma suka dawo farko, sai alƙaluma uku, sai haruffa biyu, aka kuma sa taswirar Nijeriya a bayan rubutun. Abin da ya fi muhimmanci ba a jikin farantin yake ba. Manufar ita ce a ɗaure kowace lamba da sunan mai ita da adireshinsa da lambar inji da ta shasi a rumbun bayanai guda, ta yadda lambar za ta zama ta mutum ce, idan ya sayar da mota ya cire abarsa. Jama'a dai kuɗin suka fara gani, kuma ba su yi laifi ba, domin an ce wanda ya riga ya biya ya sake biya. Majalisar Tarayya ta sa baki, aka yi ta ɗaga wa'adin sauya tsohuwar lamba, kuma a 2014 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke cewa hukumar ba ta da hurumin tilasta wa mutane, hukumar kuma ta ɗaukaka ƙara. Har yau ana ganin tsofaffin lambobin a tituna.

A ganina nan ne aikin ya tsaya a rabin hanya. Hukumar tana buga farantan a masana'antunta, ciki har da ta Gwagwalada, amma jihohi ne suke raba su suna karɓar kuɗin, a Abuja kuma ofishin VIO ne, wato masu binciken lafiyar motoci, kuma ko'ina 'yan kamasho sun tare ƙofa. Na taɓa zama da wani dillali a wata mahadar sayar da motoci a hanyar Kubwa, mai saye ya zo daga Zariya yana zagaya wata 'yar Kwatano yana ƙwanƙwasa bodi. Da suka daidaita, sai dillalin ya ce masa, "Alhaji, ka bar mata lambar Abujar nan, ran da za ka sayar sai ta fi daraja." Alhajin ya amince, ya karɓi takardu da sunan wani mutum da bai taɓa gani ba, ya kama hanya. Haka dubban motoci suke yawo, haruffansu suna cewa Kuje ko Bwari, rumbun bayanai yana riƙe da sunan mai mota na farko, motar kuwa tana hannu na uku a wata jiha.

Illar wannan ta fi bayyana ga matar da ta faɗa hannun 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja kamar motar haya su yi masa fashi, a hanyar Lugbe, ta yi ƙoƙarin haddace lambar motar bayan sun jefar da ita, aka bincika aka tarar lambar ta wata mota ce daban, ko kuma babu ita sam a rajista. Kuma ba ɓarayi kaɗai ke raina lambar ba, domin a titunan birnin nan kullum ana ganin manyan motoci masu baƙin gilashi da aka lulluɓe lambarsu da jakar fata, suna wuce shingen jami'an tsaro ba tare da an ɗaga musu hannu ba.