Matsalolin Direban Hoto a Tsohuwar Kwamfutar Tafi-da-gidanka

Direban hoto manhaja ce da ke tsaye tsakanin babbar manhajar kwamfuta, kamar Windows ko Linux, da na'urar da ke zana duk abin da ake gani a allo, wadda masu gyara suka fi sani da girafik. Babbar manhaja ba ta jin yaren kowace na'ura, saboda haka takan miƙa buƙatarta ga direba, shi kuma ya juya ta zuwa umarnin da wannan na'urar ke ganewa, kamar dai aikin tafinta. Idan aka samu tangarɗa a wannan tsakani, allo yakan yi baƙi ƙirin, ko ya riƙa ƙyaftawa, ko rubutu da hotuna su kumbura su baje, ko kuma kwamfutar ta sandare gaba ɗaya. Sai dai waɗannan alamomi ba direba kaɗai ke haddasa su ba. Suna iya fitowa daga na'urar girafik ɗin kanta, ko daga allo da wayar da ke ciyar da shi, kuma mafi yawan wahalar da ake sha wajen gyara tana zuwa ne daga rikita waɗannan wurare uku.

Abin da ya sa tsohuwar kwamfuta ta fi fama

Kamfanoni uku ne suka ƙera kusan dukkan girafik ɗin da ke cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka na shekarun baya: Intel, da Nvidia, da ATI wanda AMD ya saye a 2006. Kowannensu yana daina rubuta sabon direba ga na'ura bayan wasu shekaru, alhali babbar manhaja tana ci gaba da sauyawa. Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a farkon 2007, ta zo da sabon tsarin direban hoto mai suna WDDM, kuma da Windows 8 ta fito a 2012 sai aka daina karɓar direbobin tsohon tsarin zamanin Windows XP kwata-kwata. Intel HD Graphics 3000, wadda ke cikin kwamfutoci masu yawa na 2011, ba ta samu direban Windows 10 daga Intel a hukumance ba, haka ma Radeon HD 2000 zuwa 4000 na AMD. Irin waɗannan kwamfutoci suna iya ɗaukar Windows 10 su yi aiki, amma da direban da aka rubuta wa wata manhajar da ta gabace ta, kuma daga nan ƙananan matsaloli suke tasowa, musamman ƙin rage haske ko ƙara shi, da baƙin allo bayan an tashi kwamfutar daga barci.

Akwai kuma wani dalili da ya keɓanta da tafi-da-gidanka. Kamfanin da ya harhaɗa kwamfutar, ko Dell ne ko HP ko Lenovo, yakan yi wa direban kwaskwarima domin ya dace da allonsa, da maɓallan haske, da yadda yake tattalin batir. Lamarin ya fi tsanani a kwamfutoci masu girafik biyu, ɗaya ta Intel don aikin yau da kullum, ɗaya ta Nvidia ko AMD don aiki mai nauyi. A tsarin Optimus da Nvidia ya fito da shi a 2010, allon yana jone ne da girafik ɗin Intel, ita kuwa ta Nvidia zane kawai take yi ta miƙa, don haka idan direban Intel ya lalace, sabunta na Nvidia sau goma ba zai dawo da hoto ba. A wasu kwamfutocin masu AMD da Intel na wajajen 2010 da 2011, direbobin biyu a ƙunshe suke cikin fakiti guda da kamfanin da ya harhaɗa kwamfutar ya shirya, kuma sauya ɗaya daga ciki yakan ɓata tsarin duka. Wannan ne ya sa shawarar nan da ake yawan bayarwa, wato a sauke direba mafi sabunta, sau da dama takan zama ita ce silar matsalar a tsohuwar na'ura.

Gano inda laifin yake

Tambaya ta farko ita ce lokacin da matsalar ke bayyana. Da zarar an kunna kwamfuta, tambarin kamfani da shafin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, suna fitowa ne tun kafin a loda wani direba. Idan tun a nan akwai layuka, ko launuka sun hargitse, ko babu hoto sam, to direba ba shi da hannu, kuma sake girka Windows ɓata lokaci ne. Idan kuwa tambarin ya fito tas, sai a daidai lokacin da ya kamata shafin shiga ya bayyana allon ya yi duhu, to zargi ya koma kan direba, ko da yake bai wanke na'urar ba tukuna, domin girafik mai rauni tana iya jure hoto mai sauƙi ta faɗi idan direba ya ɗora mata cikakken aiki.

Gwaji na biyu shi ne a jona wani allo ko talabijin ko majigi ta kafar VGA ko HDMI, a danna maɓallin Windows tare da P don zaɓar inda hoto zai fita. Idan hoton waje ya fito lafiya amma na jikin kwamfutar ya ci gaba da lalacewa, galibi laifin allon ne ko wayarsa. Wannan waya tana bi ne ta mahaɗar murfi, kuma buɗewa da rufewa na shekaru yana cinye ta a hankali. Alamarta ita ce hoton yana sauyawa idan aka motsa murfin gaba ko baya. Idan allon ya yi duhu amma aka haska shi da tocila aka hango hoto dishi-dishi a ciki, to fitilar bayan allo ce ta mutu, ko kuma 'yar na'urar wutar da ke ciyar da ita a kwamfutocin da suka gabaci fitilar LED. Kwamfutocin Dell da yawa suna da gwajin allo na kansu: a riƙe maɓallin D yayin kunnawa, sai allon ya riƙa nuna launuka ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya bi ta kan Windows ba.

Wata dabara mai sauƙi da ake yawan mantawa da ita ita ce a ɗauki hoton allo da maɓallin Print Screen, a tura shi zuwa waya a duba. Idan tabon ya fito a cikin hoton, to daga girafik ko direba ko ƙwaƙwalwa yake. Idan hoton ya fito sumul, tabon na allon ne ko wayarsa. An ambaci ƙwaƙwalwa ne saboda girafik ɗin Intel ba ta da tata, daga RAM ɗin kwamfutar take ara, don haka RAM mai lahani ko wanda bai zauna daidai ba yana iya kawo ɗigo-ɗigo da murabba'ai masu launi waɗanda suka yi kama da na lalatacciyar girafik.

Abin da Windows ke faɗa

Tun daga Vista, Windows tana sa ido a kan girafik, kuma idan ta yi daƙiƙa 2 ba ta amsa ba, sai ta sake tayar da direban. Mai amfani yakan ga allo ya ɗauke na ɗan lokaci, sannan saƙo ya fito cewa direban ya daina amsawa amma ya farfaɗo. Idan farfaɗowar ta gaza, sai shuɗin allo ya bayyana da lamba 0x116, sau da yawa tare da sunan fayil ɗin da abin ya shafa: nvlddmkm.sys na Nvidia ne, atikmpag.sys na AMD, igdkmd64.sys kuma na Intel. Sunan yana nuna gidan da abin ya faru ne kawai, bai tabbatar da cewa fayil ɗin ne mai laifi ba, domin zafi ma yana jawo wannan saƙon.

A cikin Device Manager, shafin Windows da ke jera na'urorin cikin kwamfuta, ƙarƙashin Display adapters, ana ganin sunan girafik ɗin. Idan abin da ke rubuce shi ne Microsoft Basic Display Adapter, ko Standard VGA a Windows 7, ma'anarsa babu direba na gaskiya, ana lallaɓawa ne da na wucin gadi. Shi ya sa ake ganin allo mai faɗin 1366 da 768 yana nuna hoton 1024 da 768 a miƙe, da'ira ta koma kamar ƙwai, bidiyo kuma yana tsalle. Alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa da lamba 43 tana nufin Windows ta dakatar da na'urar saboda ta ba da rahoton matsala; wani lokaci direba ne, amma idan lambar ta dawo bayan an gwada direbobi daban-daban, alamu sun fi karkata ga na'urar. Idan ba a san wace girafik ce a ciki ba, lambar shaidarta a shafin Details tana faɗa: VEN_8086 Intel ce, VEN_10DE Nvidia, VEN_1002 kuma AMD.

Matakan gyara

A Windows 10, danna Windows da Ctrl da Shift da B tare yana sake tayar da direban hoto, kuma yakan wadatar idan baƙin allon na lokaci guda ne. Idan ya wuce haka, ana shiga Safe Mode, inda Windows ke amfani da direba mafi sauƙi: da F8 a Windows 7, ko ta riƙe Shift yayin danna Restart a Windows 10. Idan ba a ganin komai balle a danna, kashe kwamfutar da maɓallin wuta tana tsakiyar tashi sau biyu ko uku a jere yana kai ta shafin gyara. Daga can, idan matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, Roll Back Driver yana mayar da direban da ya gabata. In babu wannan zaɓi, sai a cire direban baki ɗaya, kuma masu gyara da yawa suna amfani da manhajar Display Driver Uninstaller saboda tana share ragowar da cirewa ta yau da kullum ke bari.

Wajen girka sabo, ya fi dacewa a fara da direban da ke shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, wanda aka nema da cikakken sunan samfurinta, ko da na Windows 7 ne ko 8, kafin a gwada na Intel ko Nvidia ko AMD kai tsaye. A kwamfuta mai girafik biyu ana fara girka na Intel. Yana da kyau a cire intanet yayin wannan aiki, sannan a hana Windows sauya direban da kanta, in ba haka ba takan dawo da wanda ya kawo matsalar cikin dare. Manhajojin nan da ke alƙawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa guda ba abin dogaro ba ne a nan, domin lambar da ta fi girma kawai suke bi.

A Linux, direbobin i915 na Intel da radeon na AMD da nouveau na girafik ɗin Nvidia suna zuwa tare da manhajar, kuma sau da yawa suna ci gaba da kula da na'urorin da kamfanoninsu suka yi watsi da su. Idan allo ya yi baƙi wajen tashi, ana danna e a shafin GRUB, wato shafin zaɓi da ke fitowa kafin Linux ta tashi, a ƙara kalmar nomodeset, wadda ke hana loda cikakken direba har a samu damar shiga a yi bincike da umarnin lspci da dmesg. Wannan mafita ce ta wucin gadi. Nvidia ya daina kula da jerin direbobinsa na 340 a ƙarshen 2019, don haka masu GeForce 8000 da 9000 kusan dole su koma nouveau a sababbin fitowar Linux. Ko ga mai Windows, tayar da kwamfuta da Linux daga filashi gwaji ne mai kyau: idan matsalar ta biyo ta can, ba ta direba ba ce.

Zafi, ƙura da dalma

A 2008 Nvidia ya amince cewa wasu girafik ɗinsa na tafi-da-gidanka suna mutuwa da wuri, ya kuma ware dala miliyan 196 don ɗaukar nauyin gyara. Abin ya shafi GeForce 8400M da 8600M da danginsu, a cikin kwamfutocin HP da Dell da Apple. Tushen matsalar shi ne ƙananan mahaɗan dalma da ke cikin na'urar, waɗanda ke tsagewa saboda yawan ɗumama da hucewa. Apple ma ya buɗe shirin gyara kyauta a 2015 ga MacBook Pro na 2011 masu girafik ɗin AMD. Alamomin irin wannan lahani sukan fara kamar na direba, da ɗaukewar allo jefi-jefi, kafin su kai ga layuka tun daga tambarin farko. Gasa na'urar da iska mai zafi, kamar yadda wasu masu gyara ke yi, yakan dawo da hoto na makonni ko watanni, amma ba ya magance tushen, kuma mai sayen kwamfuta ta hannu ya kamata ya san ana yin haka kafin a kai kaya kasuwa.

A wuraren da ke da zafi da ƙurar hunturu, kamar arewacin Najeriya da Nijar, hanyar iskar fanka takan toshe da wuri, man da ke tsakanin na'ura da ƙarfen sanyaya kuma ya bushe ya zama kamar alli. Idan matsalar tana zuwa ne bayan minti goma ko ashirin na kallon bidiyo, fanka tana gurnani, ƙasan kwamfutar kuma ya yi zafi, sai a fara da share ƙurar da sauya man kafin a taɓa direba. Inda girafik ta biyu ce ta mutu, wasu kwamfutocin suna ba da damar kashe ta a BIOS, a ci gaba da aiki da ta Intel kaɗai. Inda kuma allon ne ya lalace aka rasa madadinsa, kwamfutar tana iya zama a tebur a jone da allon waje.