"Ai katun ne": ku kalli farkon fim kafin ku miƙa wa yaro salula

Abin da nake gani kullum a ɗakin awo nan Maraɗi ya fara isata. Yaro ɗan shekara biyu ya soma kuka tun ba mu ɗora shi a sikeli ba, sai uwa ta zaro salula ta danna mishi katun. In na tambayi wane fim ne, amsar ba ta sakewa: "Oho, ai katun ne, a kasuwa aka turo min." Kwanan baya wata ta kawo ɗanta ɗan shekara uku, wai dare huɗu yana firgita yana ihu. An yi hayaƙi, an sha rubutu. Muka gwada jini, babu masassarar cizon sauro. Na ce ta buɗe min abin da yake kallo. Ba mu yi minti biyu ba, ita da kanta ta kau da kai.

Haba iyaye mata! Kunun da za ki ba jariri sai kin ɗanɗana, amma fim ɗin da zai kwana da shi a kai ba za ki leƙa ba?

Kuma leƙawar ba wuya gare ta. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Da kaka ta ce "ga ta nan ga ta nanku", yara sun san Gizo da Ƙoƙi na tafe. Masu yin katun su ma a mintunan farko suke faɗin irin labarinsu, da launi, da kiɗa, da wanda suka fara nunawa.

Ɗauki Kirikou, wanda Bafaranshe Michel Ocelot ya fitar a 1998, kusan kowa ya san shi. Da buɗewa, jariri ne ke magana daga cikin uwarshi. Ya fito da kanshi, ya yi wa kanshi wanka, ya tambayi ubanshi, aka ce mishi mayya Karaba ta cinye mazan garin. Nan take kin gane tatsuniya ce ta ƙaramin yaro mai wayo, akwai maita a ciki, kuma matan ƙauyen ba riga. Sai ki yanke wa gidanki hukunci. Fim ɗin Nemo na 2003 kuwa da haske yake farawa, kifi miji da mata suna murnar sabon gida da ƙwayayensu. Kwatsam kiɗa ya sake, wani kifi mai haƙora ya faɗo musu. Uwa ta tafi, ƙwai guda ya rage. Fim ne mai kyau a kan uban da tsoro ya hana shi sakin ɗanshi, ni ma ina son shi. Amma ki ce min ɗan shekara uku ya kalli mutuwar uwa shi kaɗai cikin duhun ɗaki, ke kina wajen murhu?

Waɗannan ma na iyali ne. Akwai katun ɗin da don manya aka yi shi, jini da batsa tun daga farko, yana nan cakuɗe da na yara a katin memori ɗaya. "Ai katun ne." Wallahi na gaji da jin wannan magana.

Na san wahalarku, daka da ɗiban ruwa da goyo, hannu biyu ne kawai. Ba don jin daɗi nake faɗa ba. Ku ma maigida, salular taku ce ke yawo a hannun yara bayan isha'i, kada ku ɗora wa mata laifin duka.

Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace: yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon salula ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa 1 a yini.

Don haka:
- Ki kalli minti biyar na farko ke kaɗai. In zuciyarki ta ƙi, goge shi.
- Ki zauna kusa da shi, ki tambaye shi me ya gani.
- Ba salula wajen cin abinci, ba salula a shimfiɗa.
- Firgita da zafin jiki ko jijjiga, wannan ba maganar fim ba ce, a kawo shi likita nan take.
- Ya cika shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ku zo da shi ranar awo, da katin shi.